Baffa Mai Hoton Shanu

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Wambai, in ka tambaye shi Malam Baffa Bakari sai ya ɗan tsaya yana lalube. Amma ka ce masa Baffa mai hoton shanu, kafin ka rufe baki ya kwashe da dariya ya ce, "Af, wannan? Ai yana nan yadda ka san shi."

Dogo ne siriri, jikan Fulanin da suka jingine sanda suka shigo birni tun da daɗewa. Aikinsa malamin dabbobi. Da safe ya tada babur ya nufi ƙauyen Miri da rugagen da ke bayanta, ya yi wa shanu allura, ya duba kofato, ya dawo ofis ya rubuta rahoto. Aikin bai dame shi ba, shi ma bai dami aikin ba. Abin da ya cika masa rai ita ce kyamarar da ke lilo a ƙirjinsa kamar laya.

Wani alhaji maƙwabcinsu ne ya sayo ta a Jidda, don kawai ya ga 'yan jirginsu na saye. Ya dawo gida ya juya ta gaba ya juya ta baya, ya rasa ta inda ake sa mata fim, sai ya ba Baffa a musayar tunkiya guda. Tare da ita akwai wani ɗan littafi na Turanci mai bayanin yadda ake aiki da ita. Baffa ya zauna ya haddace shi tas, har da shafin da ke gargaɗin kada a bar ta cikin ruwan sama. Daga ranar ya zama malami, Bauchi kaf kuma ta zama ajin jahilai.

Ba za a hana shi haƙƙinsa ba, yana da ido. Yakan tsaya rabin sa'a cikin rana yana jiran bijimi ya juyo da ƙaho daidai inda yake so, makiyayi na riƙe da igiya yana jiran allura har hannunsa ya sage. Ya ɗauki matan Miri suna sussuka, ya ɗauki guntun tsohuwar ganuwa, ya ɗauki hannun wani maƙeri da wuta ta cinye wa farce. Amma mutum ya gyara hula ya ce, "Malam Baffa, ɗauke ni mana," sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce hasken bai yi ba. Shanu dai ba a taɓa ce musu hasken bai yi ba. Daga nan sunan ya fito. Matarsa Bilkisu ta shekara goma a gidansa, hotonta ɗaya ne tak, shi ma ta baya ya ɗauke ta tana tankaɗe.

Da yake ba shi da wurin wanke fim, dole ta haɗa shi da Elisha, mutumin Kaltungo, mai shagon hoto a hanyar Ƙofar Ran. Elisha gajere ne mai tumbi, wanda ba a taɓa ganin fushinsa ba. Ya shekara ashirin yana ɗaukar mutanen Bauchi, daga mai neman aiki har mai shirin Makka. A bangon shagonsa akwai ƙaton labule da aka zana wa jirgin sama, da bene mai hawa goma, da tafki da agwagi biyu, duk a wuri ɗaya. Gefe ga ɗan tebur da tarho wanda ba a haɗa shi da komai ba, da furannin roba, da kwat guda ɗaya da ake ara wa samari. A ƙofar shagon akwai benci inda majalisa take zama bayan la'asar, kusa da teburin Ya'u mai gyaran agogo, wanda shi ne wan Bilkisu.

Nan Baffa yake zuwa kullum ya miƙe ƙafa ya fara karatu.

"Elisha, wai don Allah wannan jirgin naka ina za shi? Shekara da shekaru yana kan bene bai tashi ba."

"Malam Baffa, jirgin nan shi ya kai 'ya'yana makaranta."

"Kun ji ko? Ai abin da nake gaya muku ke nan. Akwai mai hoto, akwai mai danna maɓalli. Ranar da mutum ya fara sayar da hoto, ranar ya zama yaron duk wanda ya shigo da hula a karkace."

Yau ke nan. Gobe kuma sai ya leƙa shagon ya girgiza kai ya ce, "Kai, da ni ke da wurin nan, wallahi daga Kano da Jos za a riƙa zuwa layi." Yau sana'ar ƙasƙanci ce, gobe shi ne zai ɗaukaka ta. Ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda maganganun nan biyu suke kwana a baki ɗaya. Elisha sai dai ya yi murmushi ya karɓi fim ɗin shanu ya shiga ɗakin wanki.

Haka aka shekara goma sha biyu. Sai ga watan Oktoba na 1996, aka yanki Gombe daga Bauchi. Gari ya rikice da ɗaurin kaya. Ko'ina ka duba babbar mota ce ana loda mata gadaje da kujeru da buhunan tukwane. Elisha ya yi tunaninsa na ɗan kasuwa: sabuwar jiha, sababbin ofisoshi, kowane ma'aikaci sai ya buɗe sabon fayil, kowane fayil kuma sai da hoton fasfo. Ga shi kusa da gida. Ya yanke shawarar tafiya.

Wata la'asar, benci a cike, Baffa na tsakiyar bayanin abin da zai yi da shi ke da wurin, Elisha ya fito yana kaɗa makullai.

"Malam Baffa, na daɗe ina jin wannan maganar. To ga shagon. Ni zan koma wajenmu. Kayan wanki, fitilu, labule, har agwagin, duk na bar maka. Sauran magana ma yi ta a hankali, ni da kai ba baƙin juna ba ne. Sai dai fa shago ba ya son mai zuwa bayan la'asar. Ka ajiye allurar shanu ka kama shi da hannu biyu."

'Yan majalisa suka juyo suna kallon Baffa. Ya'u ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido ya ajiye. Baffa ya ji kamar an zare tabarmar da yake zaune a kai. Ya yi gyaran murya, ya gyara igiyar kyamara, ya ce ai wannan ba maganar bakin titi ba ce.

Kwana uku yana kai-kawo a tsakar gida. Ya tuna albashi da ke zuwa ko an yi aiki ko ba a yi ba, ya tuna fanshon da ke jiransa. Ya kuma tuna idanun 'yan majalisa. A rana ta uku Bilkisu ta ajiye masa kunu ta ce, "Malam, ni ba ruwana da wanda ka zaɓa. Ofis tuwo ne, shago ma tuwo ne. Amma in ka ƙi karɓa, ka taimake mu ka daina cewa da kai ke da wurin. Kunnena ya gaji."

Sai ya ɓullo da dabara irin tasa. Ya ɗauki hutun shekara, wata guda, ya ce zai gwada ya gani. Bai bar aiki ba, bai ƙi shago ba. Ya'u ya ce masa taura biyu ba sa taunuwa, ya ce wannan maganar masu ƙaramin baki ce. Elisha ya miƙa masa makullai ya hau motar Gombe neman wuri, ya ce sai ƙarshen wata.

Ranar farko Baffa ya sauke labulen ya naɗe. Ya tura tarho da furanni da kwat cikin kwali, ya shafe bango da farar ƙasa. Ya tsaya ya dubi farin bangon nan ya ji daɗi har cikin ransa.

Wanda ya fara shigowa wani saurayi ne, yana son hoton da zai aika wa budurwarsa a Azare. Ya waiga ya waiga ya ce, "Malam, ina tarhon? Da kwat ɗin?"

"Kana da tarho a gidanku?"

"A'a."

"To ƙarya kake so in ɗauka?"

"Malam, ai ita ma ta san ba ni da shi."

Baffa ya yi masa bayani na minti ashirin a kan gaskiyar fuskar ɗan Adam. Saurayin ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya fita ya tari acaɓa zuwa Wunti inda akwai shagon da ke da tarho.

A kwana na biyar wata tsohuwa ta shigo, Inna Yelwa daga Miri. Mijinta ya yi gadi a wata ma'aikata har ya rasu, an ce ta kawo hoton fasfo a cika mata takardun haƙƙinsa. Baffa na ganin fuskarta murna ta kama shi. Ga tsaga ta nutse cikin tamoji, ga idanu ƙanana masu kaifi. Shekarunsa na bin ƙahon shanu bai taɓa samun abin ɗauka irin wannan ba. Ya kashe fitilun Elisha, ya ja kujera bakin taga, ya ce ta juya haka, ta ɗan sunkuyar, a'a ta ɗago, ta dubi can nesa kamar tana tunanin wani abu. Ta ce ai tunanin take yi, na gyaɗarta da ke gona ba a cire ba. Sa'a guda cur yana juya tsohuwar nan kamar masa a tanda.

Da ya wanke hoton ya daɗe yana kallonsa. Rabin fuskar cikin haske, rabi cikin inuwa, ido ɗaya na ƙyalli. Bai taɓa ɗaukar wanda ya kai shi ba, wannan gaskiya ne. Ya fitar da shi ƙanana guda huɗu ya sa a ambulan kamar mai ba da kyautar zinare.

Bayan kwana huɗu sai ga Inna Yelwa ta sauka daga babur, ko sallama ba ta tsaya yi wa 'yan benci ba.

"Ɗan nan, kai ne mai hoton ko mai hoton ya fita?"

"Ni ne, Inna."

"To ina rabin fuskata? Na zo maka da fuska cikakkiya, ido biyu, kunne biyu, ka ba ni rabi. A ofis sun ce ba su ga kunne ɗaya ba, sun ce kamar a rami aka ɗauke ni. Yau zuwana uku ke nan daga Miri."

"Inna, su ne ba su san hoto ba. Wannan da a Ingila ne, a bango za a rataye shi."

"To ka kai shi Ingilar su ba ni haƙƙin mijina."

Dariyar da aka yi a benci har wani ya ƙware. Baffa ya kunna fitilu da fushi, ya zaunar da ita tsaf, ya ce ta kalli gaba, ya danna. Minti biyu. Hoton ya fito fayau, tsohuwa ta zaro ido kamar an kama ta da laifi, kunnuwa biyu a waje. Ofis suka karɓa nan take. Wannan karɓar ta fi ƙin farko yi masa ciwo.

Babban aikin da ya samu a watan shi ne na Madam Christiana, shugabar wata makarantar firamare, wadda ita ma za ta koma Gombe bayan shekara ashirin da biyu. Malamanta suka shirya mata bikin ban kwana. Ta zo da kanta ta faɗa masa abin da take so, ba wani abu mai wuya ba: hoton da za a tsaya gaba ɗaya, da na lokacin da ake miƙa mata kyauta, da ɗaya-ɗaya ita da kowane malami. Baffa ya ce kada ta damu, za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Ranar bikin ya shiga makarantar kamar mafarauci. Ya ɗauki tsohon mai gadi yana share hawaye da hularsa. Ya ɗauki kwalayenta ɗaure da igiya a bakin ofis, da kujerarta ba kowa a kai. Ya ɗauki shugaban iyayen yara daidai lokacin da ya cusa cinyar kaza a baki. Ita kanta Madam ya ɗauke ta tana kuka, ɗankwali ya zame, baki ya karkace. Lokacin miƙa kyauta yana can bayan aji yana jiran wata inuwa ta faɗo kan allo. Da aka jeru don hoton taro, rana na tsaka, ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce a dakata ta ɗan yi sanyi. Aka dakata. Masu nisa suka fara zamewa, aka kira azahar, wasu suka tafi masallaci ba su dawo ba. Da rana ta yi yadda yake so, mutum bakwai suka rage, fim kuma ya ƙare.

Madam Christiana ta zo karɓa ana gobe za ta tashi. Ta zauna ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙarshe. Ta sake bi daga farko.

"Malam, ina wanda muka tsaya gaba ɗaya?"

"Madam, wannan ai kowa na iya ɗaukarsa. Ni ranar na ɗauko miki, yadda take."

"Ranar ai ina wurin, Malam. Na san na yi kuka, ba sai an nuna mini ba. Ni abin da nake so in rataya a falo, jikokina su gani su san an taru an karrama kakarsu. Rabin malaman nan gobe suna Gombe, rabi suna nan. Yaushe za mu sake tsayawa wuri ɗaya?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta jera hotunan a kan tebur, ta ɗauki jakarta ta fita. Baffa ya bi ta da ido. Ranar bai ci tuwo ba. Ya zauna a zaure yana ta jin tambayar nan tata, ya san kuma ba shi da inda zai samo mata amsa, don fim ba ya komawa jiya. Da ya bar abin ya zauna masa a rai, da wataƙila ya zama wani mutum daban. Amma girman kai maganinsa a kusa yake. Gari na wayewa ya warke sarai, ya gaya wa 'yan majalisa cewa mace ta yi shekara ashirin da biyu tana koyarwa amma ba ta iya karanta hoto ba.

Labari ya zaga. Shago ya yi shiru, sai ƙudaje. A mako na uku Baffa ya fara cewa zaman wuri ɗaya na kashe masa ido, ya riƙa barin makulli wurin Ya'u yana tada babur zuwa Miri, wurin shanun da ya ɗauki hutu don ya rabu da su.

Ya'u kuwa mutum ne da bai wuce aji huɗu ba, bai taɓa buɗe littafin hoto ba. Amma shekarunsa a ƙofar shagon yana kallon Elisha, kuma duk ranar da kyamarar Elisha ta cije shi yake kwance ta ya gyara. Mutane suka riƙa zuwa suna tarar da ƙofa a rufe, suna tambayarsa. Ran nan ya ga wata mata da goyo za ta juya, sai ya tashi ya buɗe. Ya warware labule ya rataya, ya fito da tarho ya goge masa ƙura, ya ɗauko kyamarar da Elisha ya bari.

Ranar wata Alhamis Baffa ya dawo da wuri, ya tarar da mutum biyar a benci suna jiran layi, jirgi ya koma kan benensa. Daga ciki yana jin muryar surukinsa: "Gyara hula, Alhaji. Ɗago haɓa. Kai, ka yi kyau! Kada ka motsa."

Ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama. "Ya'u, lambobin nan da ke jikin kyamarar, ka san ma'anarsu kuwa?"

"Ban sani ba, Malam. Elisha ya ɗiga jan fenti wuri biyu. In waje ne nan, in ɗaki ne nan."

Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya juya wurin masu layi don su taya shi. Ba wanda ya taya shi. Wani ma cewa ya yi, "Malam, ɗan matsa, ni ne na gaba."

Ƙarshen wata Elisha ya dawo. Ya dubi farin bango da ke leƙowa ta bayan labule, ya dubi Ya'u, ya dubi Baffa, ya gane komai ba tare da an gaya masa ba. Baffa ya riga ya shirya jawabinsa, ya kuwa yi shi a tsaye gaban majalisa.

"Na gwada, na gani. Kada wani ya ce sana'ar ce ta fi ƙarfina. Garin ne bai kai ba. Ni ba zan zubar da abin da Allah ya ba ni don mutum yana son a gan shi da tarho ba. Hoto a wurina sha'awa ce, kuma sha'awa za ta zauna."

Elisha ya ce, "Malam Baffa, ba laifin kowa. Kai hoto kake so, su kuma kansu suke so." Ya karɓi makullai ya ajiye a kan teburin agogo. Ranar Litinin Baffa ya ɗaura akwatin allura a bayan babur ya koma bakin aikinsa.

Ya'u ya riƙe shagon. Ya sake rufin gidansa, ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka. Da bidiyo ta zo ya saya, da kwamfuta ta zo ya ɗauko wanda ya iya ta. Har yau bai san ma'anar lambobin ba. Baffa bai fasa zuwa benci ba, sai dai karatun ya sauya: yanzu wurin ya zama "shagon nan da na bari." In baƙo ya zauna, kafin ya sha ruwa ya ji yadda aka roƙi Baffa ya karɓa ya ƙi. Ya yi ritaya. Masu wanke fim suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kyamarar ta koma ado. Hotunansa na shekara talatin suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, gara ta shiga ta gefe ta ci rabonta.

Sai ga zaɓin da ya guje wa ya biyo shi har zaure. Ɗansa Abdulsalam ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya dawo da kyamarar zamani yana bin bukukuwa. Baffa ya yi ta sintiri wurin tsofaffin abokan aiki har ya samo masa takardar ɗaukar aikin gwamnati. Wata safiya ya kira shi ya miƙa masa ita yana jiran godiya. Abdulsalam ya durƙusa ya karanta, ya ninke, ya ajiye a gaban mahaifinsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni hoto zan yi."

"Ka yi mana. Asabar da Lahadi, kamar yadda masu hankali suke yi."

"Sana'a nake nufi, Baba."

"Sana'a! Da digirinka ka zama mai bin amare kana roƙonsu su yi murmushi? Ka zama Ya'u?"

"Kawu Ya'u bai taɓa kwana da yunwa ba." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa. "Na buɗe akwatinka, Baba. Wallahi ban taɓa ganin hotuna irinsu ba. Amma ba wanda ya gan su sai ni da gara. Ni ba na son nawa su ƙare a akwati."

Mako biyu Baffa bai amsa gaisuwarsa ba. Bilkisu ta ƙi sa baki, ta ce ita ta gama nata tun a kan uban. Abdulsalam ya kama ɗan shago kusa da Wunti. Bai yi arziki ba, bai kuma tagayyara ba. Wata ya cika da biki, wata ya bushe, yana dai riƙe da matarsa da 'yarsa. Baffa bai taɓa taka shagon ba. A majalisa yakan ce yaron yana da ido, gado ne, sai dai ya kai shi kasuwa ya ɓata.

Bara, wata rana da hantsi, Abdulsalam ya biyo gaishe su ɗauke da hotunan wani biki da zai kai wa masu shi. Ya ajiye jakar a zaure ya shiga wurin mahaifiyarsa. Baffa ya dubi jakar ya kau da kai, ya sake dubanta, ya jawo. Amarya da ango, amarya da ƙawaye, ango da abokai, kowa ya yi fari fes kamar an wanke shi da toka. Yana ta tsaki yana buɗewa. A aljihun jakar ya ga wani shi kaɗai a ambulan. Mahaifin amarya ne zaune a kan turmi bayan an tafi da ita, babbar rigarsa a cinya, yana kallon takalman da ta bari a ƙofar ɗaki.

Da Abdulsalam ya fito ya tarar da shi riƙe da hoton.

"Wannan wa ya sa ka ɗauka?"

"Ba kowa, Baba."

"Sun gan shi?"

"Sun gani. Sun ce in cire, wai tsohon bai shirya ba."

Fuskar Baffa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya gyara zama zai fara karatu, ɗan ya riga shi.

"Na cire musu. Na ba su duk wanda suka ce, har na taron dangi sau uku na ɗauka don kada wani ya rufe ido. Wannan na ajiye wa kaina."

Baffa ya sake duban tsohon da ke kan turmi. Ya juya hoton ya dubi bayansa, kamar akwai abin da aka rubuta a can. Daga ƙarshe ya ce a bar masa shi ya ƙara dubawa, don akwai kurakurai da dama da yake so ya nuna masa in ya sami lokaci. Abdulsalam ya ce to, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Har yau bai mayar da hoton ba, bai kuma nuna kuskure ko ɗaya ba.